Amin Ɗin da Na Ce a Ƙofar Buro

Shekarar da aka fara zaɓen jam'iyyu, rediyo kullum cewa yake kowane ɗan ƙasa daidai yake da kowa. Yayana ya yarda. Gurgu ne tun yarinta, tela mai keken ɗinki na hannu a Gangara, bai taɓa miƙa wa kowa hannu don roƙo ba.

Ranar zaɓe aka sa akwatin a lakol, wato makarantar boko, a wani aji mai matakala huɗu. Ya ƙi a ɗauke shi kamar buhun hatsi, ya koma gida bai jefa ƙuri'a ba. Malamin lakol ya rubuta masa ƙara da Faransanci, na kai shi buro, wato ofishin hukuma, a Gazawa a amalanke.

Buron ma matakala gare shi. Daga ƙasa yayana ya ɗaga takardar. Ma'aikacin da ke bakin ƙofa ko kallonta bai yi ba, ya ce, "Yau ba Juma'a ba ce, malam. Allah ya ba da haƙuri." Abin da ake sallamar mabarata da shi ke nan.

Ni kuwa na ji addu'a, bakina ya riga ni, na ce amin.

Yayana ya ninke takardar. Ni ya kalla, ba ma'aikacin ba.