Ranar da Na Ɓare Gilashi Kamar Goro

Ranar wata Alhamis ce, mako uku bayan ƙaramar sallah, a shekarar da nake aji biyar na firamare, Yaya Sabi'u ya shigo gidanmu na unguwar Sabo a Ibadan da wani abu a kansa, an lulluɓe shi da buhun albasa. Tun safe ake ruwa, tsakar gida duk ta caɓe, mata sun ja kwandunan goro zuwa ƙarƙashin rumfa. Da ya sauke ya yaye buhun, sai ga wani akwatin ƙarfe mai murfin gilashi, da dogon wuya a gefensa, a ƙarshen wuyan kuma wani ɗan kai mai madubi da ido guda. Iya Risi, Bayarabiyar da ke haya a ɗakin kusa da rijiya, ta ja da baya tana tambaya ko abin ba ya fashewa. Yaya ya ce injin haska rubutu a bango ne, irin na manyan makarantu, a wurin 'yan gwangwan ya samo shi. Ya ce da shi zai haɗa majigi, don Baba Alhaji ya ga ƙanensa.

Baba Alhaji shi ne kakanmu na wajen uba. Yana saurayi ya biyo fataucin goro daga wani ƙauye can bayan Bichi, ya zauna a Ibadan har ya tsufa. Ƙanensa guda ɗaya da suke ciki ɗaya, Malam Audu, shi ya tsaya a gida yana noma. Tun da ciwon ƙafa ya hana Baba Alhaji shiga mota, ba su sake haɗuwa ba, kuma cikin azumin waccan shekarar aka aiko cewa Malam Audu ya rasu. Ko gaisuwa bai samu zuwa ba. Bayan sallah wani direba mai kawo albasa Kasuwar Shasha ya zo da faifan bidiyo na bikin sunan jikan marigayin, wanda aka ɗauka 'yan watanni kafin rasuwarsa. Aka saka a ƙaramar talabijin ɗin Iya Risi. Amma yanar ido ta riga ta cinye idanun Baba Alhaji. Manyan abubuwa yana ganinsu, ƙofa, saniya, mutum a tsaye, ƙanana kuwa sun ɓace masa, kuma kullum abin ƙaruwa yake. Ya matsa har hancinsa na taɓa gilashin, ya daɗe a haka, sannan ya koma ya zauna ya ce, "Ina jin Audu, amma ban gan shi ba."

Ni a lokacin abu ɗaya aka san ni da shi a gidan, wato ɓarar goro. Idan an kawo ɗanye daga ƙauyukan Yarabawa, sai a jiƙa shi ya kwana, a ɓare farar fatar da ke jikinsa, a wanke, a baza ya sha iska, sannan a jera shi cikin ganye a kwando. Duk goron da farce ya yi wa rauni baƙi zai yi, ya lalata na kusa da shi. Da an taso mu daga makaranta, sauran 'yan mata sukan jefar da jaka su tafi wasan carafke ko 'yar gala-gala a bakin kwalbati, ni kuwa sai na ɗebo ruwan rijiya, na wanke kwanukan rana, na zauna gaban daro. Ba don na fi su kirki ba. Raina ne ba ya kwanciya idan na ga abu bai kammalu ba. Nakan koma sau uku na duba ko na rufe rijiya, nakan sake alwala idan na yi shakkar ko ruwa ya kai gwiwar hannu. Baba Alhaji yakan kira ni daga kan buzunsa, "Amarya, zo ki ɓare min ɗaya, na sauran matan ɗaci yake." Ni kuma na ce sai ya sayo min zane tukuna.

Yaya Sabi'u yaron shago ne a wurin wani mai gyaran kwamfuta a Mokola. Ogan nasa ya bar masa wani siririn allon kwamfuta da jikinsa ya tsage amma yana aiki, shi kaɗai ne kuma, babu na biyu. Kusan mako uku yana fama da shi a zaure duk bayan la'asar. Ya kwance shi da ƙaramin sukudireba, ya cire roba, ya cire fitilar da ke bayansa, har ya rage gilashi baƙi-baƙi mai kaurin faranti, da wasu wayoyi masu faɗi kamar takarda manne a gefensa. Ya bayyana mana cewa hoton yana cikin gilashin ne, haske kawai yake bukata. Idan aka ɗora shi a kan murfin injin, fitila ta haska daga ƙasa, madubin sama zai jefa hoton a bango ya cika shi. Ya sa guntayen katako a ƙarƙashinsa don iska ta riƙa ratsawa, ya ɗaura ƙaramar fanka a gefe, don ya ce zafi na iya ƙona shi. Ranar da ya gwada da kwamfutar da ya aro, hoto ya fito, dishi-dishi amma ya fito. Aka tsayar da Lahadi bayan azahar. Gargaɗinsa guda ne, yana ta maimaita shi: "Kowa ya taɓa wayoyin nan, wallahi sai na ɓalla shi."

Ban taɓa wayoyin ba. Ranar Asabar na shiga sharar zaure, na ga gilashin duk shatin yatsu da ƙura, kuma a kusurwa ɗaya wata siririyar fata ta ɗan ɗago saboda zafin gwaji. Na ɗauka ledar kanti ce, irin wadda ake barinta a jikin sabon kaya. Na ce a raina, ashe wannan ce ta sa hoton yake dishi-dishi, ga idon Baba Alhaji ba ƙarfi. Sai na yi abin da na iya. Na jiƙa tsumma na shimfiɗa a kai, ina kiyaye gefen wayoyin, na bar shi ya yi laushi, sannan na bi da farce a hankali. Tana da taurin kai, tana yagewa gida-gida, amma ban gaji ba. Kafin la'asar na ɓare ta tas, ko ƙwarzane ɗaya ban yi wa gilashin ba, na goge danƙon da ya rage, na zuba guntayen cikin kwandon ɓawon goro. Na fita ina jin daɗi, ban gaya wa kowa ba, ina jira a yaba.

Ranar Lahadi aka toshe tagar zaure da bargo, aka rataya farin zanen gado a bango, aka tayar da ƙaramin janareta a waje. Aka riƙo Baba Alhaji aka zaunar da shi a gaba, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a kamar mai zuwa tarbar baƙo. Zauren ya cika, har Iya Risi da 'ya'yanta. Yaya ya kunna. Muryar Malam Audu ta fito sarai, yana gaishe da mutane yana dariya, amma a bango babu komai sai farin haske fetal. Yaya ya kashe ya kunna, ya danna wayoyi, ya sauya igiya, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya ce wataƙila zafi ne ya kashe gilashin, laifinsa ne da bai sa fanka biyu ba. Baba Alhaji ya zuba wa farin zanen ido har faifan ya ƙare, sannan ya ce, "Ba komai, Sabi'u. Allah bai yi ba. Ka yi ƙoƙari."

Na san ni ce, ko da yake ban san ta yaya ba. Washegari a aji malama ta yi min tambaya sau biyu ban ji ba, sai da ta buga tebur. Ina ta lissafi a zuciyata: idan na yi shiru babu wanda zai taɓa sani, idan na faɗa kuma abin da ya lalace ya riga ya lalace. Amma Yaya na ɗauke da laifin da ba nasa ba, kuma na ji yana cewa zai mayar wa 'yan gwangwan kayansu. Da na dawo gida ban cire kayan makaranta ba, na zazzage kwandon ɓawo a bayan rumfa, na tsince guntayen fatar nan ɗaya bayan ɗaya. Mafi girmansu bai wuce tafin hannuna ba. Na sami Yaya a zaure ya sake kunnawa, gwaji na ƙarshe kafin ya kwance. Na miƙa masa babban guntun ina kuka, na ce, "Yaya, ni ce na ɓare masa fata."

Bai ɓalla ni ba. Ya yi tsaye yana kallona, bakinsa a buɗe. Ni kuwa saboda kunya na sunkuyar da kai, guntun yana hannuna a saman injin, sai na hango ta cikinsa wani tsoho zaune a kan tabarma, ƙarami, a cikin gilashin da ko'ina nasa fari ne. Na yi ƙara. Yaya ya fizge ya duba, ya juya shi, launin ya birkice, ya sake juyawa ya daidaita. Ashe wannan fatar ce ke sa ido ya ga hoton. Ya ɗaga ta zuwa ƙarƙashin idon injin, inda hasken ke tattaruwa wuri guda, sai ga hoto ya cika bango. Ba mu da abin maƙala ta, kuma da ta ɗan karkace sai fuskokin su koma kamar na aljanu. Ya ce, "Ke kika ɓare, ke za ki riƙe. Kada ki motsa." Ya ruga ya riƙo Baba Alhaji, tsohon daga shi sai 'yar shara.

Wurin da zafi ƙwarai, yatsuna suna raɗaɗi, kafaɗata ta ƙage, amma ban sauya hannu ba. Hoton ya yi duhu-duhu, da wani layi a gefe inda fatar ta lanƙwashe. Da mai ɗaukar bidiyon ya matso kusa, fuskar Malam Audu ta kai girman ƙofa. Baba Alhaji ya ce a hankali, "Audu. Ashe ka fi ni furfura." Ya dafa sanda ya miƙe da kansa, ya taka zuwa bangon ya miƙa hannu, sai inuwarsa ta rufe rabin fuskar. Ya tsaya, ya gane, ya koma gefe ya jingina da bango, yana kallon ƙanensa ta kusa har aka gama. Sau uku Yaya ya mayar masa da wurin. A na ukun Baba Alhaji ya ɗaga hannu ya yi wa ƙanensa addu'a, suka shafa, ni kuwa gyaɗa kai kawai na yi don hannuna ba ya sakuwa. Kafin babbar sallah ta zagayo, ko ƙofa ya daina gani. Shekara ɗaya bayan nan ya bi ɗan'uwansa.

Yanzu ina da 'ya'ya uku, a nan Sabo nake aure, goron ma ya ja baya, rumfarmu ta zama shagon cajin waya. Duk Juma'a 'yan'uwa na kira daga arewa, fuska da fuska, yarana su leƙa su ce sannu su koma wasansu tun ba a gama gaisawa ba. Ba na ganin laifinsu, haka suka taso suka tarar. Sai dai wani lokaci ina riƙe da wayar nakan tuna zauren nan mai warin fetur da bargo a taga, da mutum uku da suka haɗu don a ga fuska ɗaya. A wancan lokacin ganin ɗan'uwa abu ne da ake miƙewa tsaye dominsa.