Tuwon da Baballe Ya Zuba a Kanal

Duk wanda ya ci kasuwar Bunkure ya san Baballe mai albasa, wanda ke zama a kan buhu da tumbinsa a gaba kamar tulu. Mutum ne mai fara'a, ba ya ciniki da zafi. Sai dai da zarar an buga gangar kokawa a bayan kasuwa, zai miƙe ya naɗe tabarmarsa ya kama hanyar gida, ko da bai yi ciniki ba. Ni na san dalili, don gonata ce a jikin tasa, kuma da hannuna a cikin abin, ba zan ɓoye ba.

Da samartaka Baballe ɗan kokawa ne, daga Kura har Madobi ana shakkarsa. Sai ruwan madatsar Tiga ya iso, aka yanka mana gonaki a bakin kanal, noma ya koma rani da damina ba hutu. Baballe ya ajiye kokawa ya auri Iyatu, 'yar Baffa Ibrahimu, Bafulatanin da ke da ruga a gabashin gari. Mace ce marar yawan magana, mai iya tuwo. Ta haifi biyu, duka suka koma. Shinkafa ta samu, alkama ta samu, Baballe ya yi ta ci yana buɗewa, har ya kai idan ya sunkuya jawo ruwa da tiyo sai ya dafa gwiwa kafin ya miƙe.

Kakar shekarar da aka hana shigo da alkama, muka je kallon kokawa. Makaɗi ya hango shi ya kama tsohon kirarinsa, Baballe ya taso yana taku. Jaji, saurayin ɗan kokawar da ke tashe a lokacin, ya zo ya shafa masa ciki a gaban jama'a ya tambaye shi wata nawa ne. Fili ya fashe da dariya, har da ni. Baballe ma ya yi dariya, amma na ga idonsa, kuma ban ji daɗin abin da na gani ba.

Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne, washegari ya je wurin Malam Lukmanu, wani malamin gona a Kadawa da ya yi karatu a waje, mai ɗaga ƙarfe a bayan gidansa. Shi ya ce masa in yana son tumbi ya zube ƙwanji ya dawo, ya bar tuwo da shinkafa da fura da rake da duk wani abin zaƙi, ya riƙe nama da ƙwai da kifi da gyaɗa da ganye, ya riƙa ɗaga nauyi. Baballe ya ɗauki shawarar. Sai dai ya ɗauke ta ne a kan ƙa'idar 'yan kokawa: shirin da kake yi wa abokin karo ba a faɗarsa, ko ga matarka, don abin da kunne ya ji ana iya karya shi. Bai gaya wa kowa ba. Wata biyu bayan nan aka yi wa Malam Lukmanu canjin wurin aiki, ya tafi da sirrin.

Wata rana da hantsi ina gyaran kunya sai na hango Baballe a bakin kanal. Ya buɗe kwanon tuwon da Iyatu ta ba shi, ya waiwaya hagu da dama, ya juye shi cikin ruwa. Gobe ma haka, jibi ma haka. A garinmu namiji ba ya ƙin tuwon matarsa sai da dalili, kuma dalilin ɗaya ne kowa ya sani: yana zargin ana zuba masa wani abu. Da na isa gida na gaya wa matata Asta, na ce kada ta faɗa wa kowa. Wautata ke nan. Kafin Juma'a maganar ta isa kunnen Iya Kulu, mahaifiyar Baballe.

Jikinsa kuma sai ya shiga ba maganar gaskiya. Ciwon kai ya sa shi gaba, bakinsa ya kama wani wari da ba mu taɓa ji ba, wuyansa ya zube, riga ta fara yi masa yawa. Rannan yana dashen tumatir jiri ya kwashe shi ya faɗi cikin ruwa. Mu ba mu ga duwatsun da yake ɗagawa a bayan rumbu ba, rama kawai muke gani. A wurinmu ƙiba lafiya ce, mutum ba ya ramewa haka kawai cikin wata uku alhali rumbunsa cike yake. Mata suka fara tuno 'ya'yan Iyatu biyu da suka koma. Aka daina aiken yara gidan. In ta je rijiya sai a ja baya a ba ta wuri, ba mai ce mata komai, kuma wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Iyatu da kanta ta tambaye shi. Asta ta ji ta bayan danga tana cewa, "Malam, in na yi maka laifi ka faɗa mini. Mutane suna kallona."

Ya ce mata ta yi haƙuri zuwa kaka, za ta gani da idonta. A ransa kaka ba nisa, kuma maganar mata ba ta kashe kowa.

Iya Kulu ba ta jira kaka ba. Ta tara dattawan unguwa a ƙofar gida bayan la'asar, ta aika aka kira Baffa Ibrahimu, ta ce an kama kurwar ɗanta, kuma ta san mai riƙe da ita. Abin da ake yi a irin wannan sananne ne: marar lafiya ya kwanta, wadda ake zargi da maita ta tsallake shi sau uku don ta sake shi. Duk wadda ta tsallaka, ta amsa ke nan, sunan ya bi ta har kabari.

Liman ya ce wannan ba addini ba ne, a tambayi mai jikin tukuna. Aka juya ga Baballe. Ina tsaye kusa da shi, ina jin numfashinsa. Magana ɗaya ce za ta raba gardamar. Sai ya ɗaga kai ya hango Jaji a cikin 'yan kallo, ya harɗe hannu yana saurare. Baballe ya ce shi dai bai zargi kowa ba, amma in tsallakewar za ta kwantar wa Iya da hankali, a yi a wuce wurin. Ya kwanta a kan tabarma da kansa.

Iyatu ta daɗe tana kallonsa. Ba ta yi kuka ba. Ta tattare zanenta ta tsallake shi, ɗaya, biyu, uku, a na ukun ba ta juyo ba. Baffa Ibrahimu ya saɓa sandarsa ya ce, "Mun gode da riƙo." Ta bi bayansa ko mayafi ba ta koma ɗauka ba. Kafin damina ta sauka sun tashe rugar, sun yi kudu da shanunsu.

Baballe ya ce mini za ta huce, zai je biko da zarar ya gama da Jaji. Ya ci gaba da namansa da duwatsunsa. Gaskiyar Malam Lukmanu kuwa ta fito: jirin ya wuce, ƙirji ya buɗe, damatsa suka murɗe. Da kaka ta yi ya shiga fili yana da shekara arba'in da ɗaya, ya ɗaga Jaji ya maka shi da ƙasa tun ganga ba ta yi zafi ba. Aka ɗauke shi sama ana guɗa. Yana saman kafaɗun mutane ya ɗaga murya ya faɗi komai, tuwon da kanal da malamin gona, ya ce matarsa ba ta taɓa cutar da shi ba.

Aka yi dariya. Wa ya taɓa jin mutum ya bar tuwo ya yi ƙarfi? Iya Kulu ta share hawaye ta ce wa matan da ke kusa da ita, "Ku dubi ɗana. Tun ranar da ta tsallake shi ya fara samun kansa." Kowa ya gyaɗa kai, don abin da ido ya gani ke nan.

Ya je biko har sau uku, a na ƙarshe bai ma sami inda rugar ta koma ba. Bai sake shiga fili ba, bai sake aure ba. Ya koma cin tuwo, na ƙanwarsa, yana cinye kwano tas, tumbin ya dawo har ya fi da. Har yau in tsofaffin garinmu suka gan shi a kan buhun albasa sukan ce Allah ya yi masa gyaɗar dogo, ya rabu da mayya ya murmure. Yakan yi shiru. Ni ma da na ga tuwon yana nutsewa a kanal, shirun nake yi.