Lallen Tambaya

Ranar da Tambaya, matar maƙwabcinmu Surajo, ta saki akushin mijinta a kanal ɗin ban ruwa, duk masu tsinkar tumatir sun gani. Tuwo ya kama hanyar Bunkure, ita kuma tana gaɓa tana kallon hannuwanta. Ba sakarci ba ne. Tun tana yarinya, da ta taɓa ruwan sanyi sai yatsunta su yi fari fat, su mutu mata. Muka sa mata suna Mai Hannun Alli. Daga nan ba ta ƙara rabuwa da lalle ba, ja wur har farce, don kada a gani.

Shekarar da aka canja kuɗi ta yi ciki na huɗu, ɗan ya zo a gicciye. A a-kori-kurar tumatir aka kai ta asibiti cikin birni, ni da ƙanwar mijinta Hajara muka raka ta. Aka tambaye ta ko tana da wani ciwo, ta ce ƙalau take. A wurinta farin yatsun ai abin dariya ne, ba ciwo ba.

An yi aiki, an ciro yaro, aka yi mata allurar da ke matse mahaifa don tsai da jini. Ashe ba mahaifar kaɗai take matsewa ba, har jijiyoyin jini, nata kuwa da ma a tsuke suke. Jini ya hau, hannu ya yi ƙanƙara. Nas ta duba farce ko ya sauya launi, lalle ya rufe komai. Ta fito a guje.

"Matar nan, yaya hannunta yake in ba lalle?"

Hajara ta ce, "Fari yake yi in ya sha sanyi."

Nas ta yi salati ta koma ciki. Suka ba ta maganin da ke buɗe jijiya. Ikon Allah! Matar da muka fara yi wa kuka, kafin la'asar tana neman koko. Kan yatsu biyu dai ya yi baƙi, daga baya aka cire.

Damina na faɗuwa na gan ta tana dashen shinkafa, goye da jaririn, Abdussalam, ta tsere wa kowa a layi. Na daɗe a tsaye ina kallo, sannan bakina ya ƙi zama.

"Tambaya, da yatsu takwas ɗin ake wannan ɓarna?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Takwas ɗin sun ciyar da gida, Yaya. Ke goma naki, ban da nuna mutane, me suka iya?"