Verlene da Almakashin Mahaifiyarta

Verlene Tackett maƙwabciyata ce, shingen waya kawai ya raba gidajenmu a ƙauyenmu na gindin duwatsu, gabashin Kentucky a Amurka. Tare muka yi makaranta, tare muka yi aikin girki a firamare har gwiwoyinmu suka gaji. Duk wanda ya san ta, da allura ya san ta. Da wuya a haifi jariri a cocinmu bai kwana cikin bargon da ta harhaɗa da ƙyallaye ba. Kowace Kirsimeti kuma mutum ɗaya a danginta yana samun sabo, ba ta faɗin ko wane ne sai an kwance ƙunshi.

Da ta ajiye aiki, burinta ta zauna ta yi ɗinki son ranta. Sai ga shi a shekarar huhun mahaifinta, Baba Orville, ya ƙi aiki, saboda ƙurar kwal da ya shaƙa a rami tun yana saurayi. Mahaifiyarta, Mama Ludie, ita kuma ta fara mantuwa. Takan ɗora tukunya ta fice, takan kira Verlene da sunan wata yayarta da ta daɗe da rasuwa. Verlene ba ta tsaya dogon shawara ba. Ta gaya wa mijinta Hobart, ta kwashe ɗakin ɗinkinta kaf, ta sa gadaje biyu, ta je ta ɗauko su.

Katakon da take shimfiɗa bargo a kai ya rasa wuri, sai Hobart ya rataye shi da igiya a rufin falo. In tsofaffin sun yi barcin rana ta sauko da shi, in ɗaya ya yi tari ta ja shi sama. Wani lokaci zare bai gama shiga allura ba za a kira ta: wanka, magani, tukunyar iskar da Baba ke numfashi da ita, ga rigimarsa ta kullum wai an rage masa gishiri. Na taɓa iske ta a bakin kanti tana barci cikin mota, ledar magani a cinya. Na ƙwanƙwasa gilashi, ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Ke dai Opal, ba kya son ki ga mutum yana hutawa."

Abu ɗaya ne ke kwantar da hankalin Mama Ludie. Ita ta koya wa Verlene ɗinki, kuma ko da sunayen jikokinta suka ɓace mata, hannunta bai manta ba. In aka ba ta almakashi da tsummoki, sai ta wuni tana yanka tana ƙaramar waƙa.

A shekara ta biyu, ranar Bikin Godiya da dangi ke taruwa cin talo-talo, gida ya cika. Ƙanin Verlene, Delmar, ya zo daga Ohio da matarsa Sherilyn, ƙanwarsu Nadine kuma ta zo daga Tennessee da 'ya'yanta. Ni ma na shiga taya ta gasa burodin masara. Sherilyn ta zo da sabuwar koriyar riga, irin wadda ake tsayawa a kalla. Gudun kada man talo-talo ya ɓata ta, sai ta cire ta shimfiɗa a gadon Mama, ta ari tsohuwar rigar Verlene.

Ana gab da zama cin abinci ta koma ta sauya, sai muka ji ihu. Muka ruga. Mama Ludie na zaune a bakin gado, tabarau a kan hanci, ta mayar da rigar nan ƙananan ƙyallaye, ta jera su bisa juna, babu wanda ya fi wani.

"Wannan yadin mai kyau ne," in ji ta. "Wane sakarai ne ya yar da shi?"

Sherilyn ta fashe da kuka. Delmar ya juya ga yayarsa, fuska a murtuke. "Yaya, abin nan ya isa haka. Yau riga ce, gobe yatsanta ne. Akwai gidan kula da tsofaffi a gari, mu kai ta kawai."

Verlene ba ta ko dube shi ba. Ta durƙusa gaban mahaifiyarta ta ce, "Mama, kawo in ajiye miki, abinci ya sauka." Tsohuwar ta miƙa almakashin ba musu. Sannan Verlene ta dafa Sherilyn ta ce, "Ki yi haƙuri, ni na bar ƙofar a buɗe." Ta kora mu duka teburi.

Aka yi addu'a, aka ci. Sai da Verlene ta ga kowa ya ƙoshi sannan ta ajiye cokalinta.

"Delmar, ba ka yi ƙarya ba, na gaji. Na gaji har cikin ƙashina. Amma muddin ina iya tsayawa da ƙafata, ba zan kai ta inda za a hana ta allura ba. Shawara kam na samu ta ishe ni, hannu nake nema. Kai ka riƙa zuwa ƙarshen mako ɗaya a wata. Ke ma Nadine haka."

"Yaya, Ohio fa ba nan kusa ba ce."

"Da za ka zo cin talo-talo ai ba ta yi maka nisa ba."

Baba Orville ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi ya ce, "Yaro, miƙa wuya. Tun kana rarrafe ba ka taɓa cin yarinyar nan a gardama ba."

Delmar ya zo, da ƙunƙuni da komai. Zuwan farko ya ƙona wake, ya yanki haɓar Baba wajen aski. Wadda ta ba mu mamaki Sherilyn ce. Ita ce ta riƙa zama kusa da tsohuwar, tana shan faɗa in ɗinkinta ya karkace, tana cewa, "To Mama, nuna min kuma." Verlene ta samu ranakun Asabar, ta koma zama da mu matan coci wajen ɗinki.

Bargon Kirsimeti bai kammalu ba a shekarar, karo na farko a rayuwarta. Haka ta naɗe shi, ba a ko saka masa auduga ba, ta miƙa wa Sherilyn. Koren ƙyallayen nan ne suka zagaye shi. Ta ce, "Ki yi a hankali, akwai allura a ciki. Sauran ke za ki ƙarasa."

Mama Ludie ta rasu da bazara, a gida, wata rana da hantsi, 'ya'yanta uku na kanta. Baba Orville yana nan, ya rame amma bakinsa bai mutu ba.

Makon jiya na hango Hobart yana loda jakunkuna a mota. Ashe teku za su je gani, Verlene ba ta taɓa ganinsa ba. Delmar na baranda yana gyara wa Baba matashi. Ta matso jikin shinge ta rage murya.

"Opal, don Allah ki riƙa leƙa min su."

Na ce, "Kada ki damu, Baba zai yi lafiya."

Ta ce, "Wa ke ta Baba? Delmar nake ji."