Jan da Ya Zauna a Fuskar Inna

Ina yi wa ma'aikatan wannan mujalla da masu karanta ta sallama irin ta addinin Musulunci. Ni tsohuwa ce yanzu, amma abin da zan faɗa ya faru ne tun ban cika shekara ashirin ba, ina sabuwar amarya mai ji da kanta a Ƙofar Dundaye, cikin birnin Sakkwato. A lokacin gani nake na fi matan unguwarmu wayewa, don na shiga ajin yaƙi da jahilci na iya karatun boko, ga shi mijina yana da rumfar yadi a kasuwa, yana kawo mini hoda da sabulu mai ƙamshi daga kanti. Ban taɓa ba kowa labarin nan daga farko har ƙarshe ba. Ko 'ya'yana gutsure-gutsure suka sani.

Mahaifinmu mahauci ne, ya rasu ina da shekara goma. Inna ce ta riƙe mu, ni da ƙannena biyu, da tuyar masa a ƙofar gida. Abokan sana'ar Baba ba su yar da mu ba, kullum sukan ajiye mata kai da ƙafa, ta yi romo mai tonka, wato barkono, wanda ƙamshinsa ke kaiwa har bakin titi. Da an idar da sallar asuba ta ɗora tanda. Manoman Dundaye masu shigowa da jakuna ɗauke da albasa da dankali, nan suke yada zango. Su ɗaure jakunan a gindin dogonyaro, su tsuguna a jere kowa da akushinsa, ana ci ana labarin gulbi da fadama. Har yau in na rufe ido ina jin cuwwar mai a tanda, da dariyar Inna tana tsokanar wani tsoho wai ya fi jakinsa ci. Garin bai cika ba a lokacin. Mota in ta wuce sai an leƙo, kuma duk wanda ya gaishe ka ya san sunan kakanka.

Inna fara ce sol, don uwarta Bafillata ce, kuma tana da kyau irin wanda ba ya buƙatar kwalliya. Dauri in ta tashi daga bakin wuta kumatunta sukan yi ja, ta sha ruwan randa ta zauna a inuwa, kafin hantsi jan ya washe. Amma wajen shekara uku kafin a samu 'yancin kai, tana 'yar arba'in da ɗoriya, sai jan ya daina tafiya. Ya zauna a kumatu da karan hanci da tsakiyar goshi. Daga baya ƙananan ƙuraje suka feso a kai, jijiyoyi sirara kamar zare suka fito fili. Takan ce mini fuskar zafi take mata kamar an shafa tonka, idanunta kuma kamar an zuba yashi. Ba sau ɗaya ta faɗa ba, ba sau biyu ba.

Amsata kullum guda ce. Nakan ce mata tsufa ne ya ƙwanƙwasa ƙofa, ta yi haƙuri, kowace mace in ta kai nan fatarta sai ta canza. Ina faɗa ina dariya. Ita kuma takan ce ai ta ga tsufan uwarta da na gwaggwanninta, ba ta ga wadda tsufa ya ƙona ba. Ban saurara ba. Na kawo mata hoda ta rufe wurin, na kawo sabulun kanti, na ce ta sa soso ta dirje sosai da safe da yamma. Da abin ya ƙi, wata ƙawata ta ce a haɗa lemon tsami da kanwa, ni da hannuna na shafa mata. Ta runtse ido hawaye na zuba, ina cewa ta daure, zafin nan shi ne alamar magani yana ci. Washegari fuskar ta kumbura, ta yi jawur, fatar tana saɓulewa a gefen hanci.

A wajen wani suna ne magana ta juya. Muna zaune cikin mata, Inna ta shigo ta yi barka ta fita. Sai na ji wata dattijuwa tana raɗa wa ta kusa da ita cewa jan tabo a fuska ba abin wasa ba ne, haka babbar cuta take farawa. A zamanin ba a son kiran sunan kuturta kai tsaye. Ba ta san ni ce ɗiyar Inna ba, ko kuwa ta sani ta faɗa don in ji, Allah masani. Kafin wata ya zagayo maganar ta bi unguwa. Mutanen Dundaye suka fara wucewa da jakunansu, su ɗaga hannu daga nesa. Mata suka daina aiko da kwano. Inna takan kwaɓa ƙullu kamar yadda ta saba, rana ta take, masar tana nan a faifai ta huce.

A nan ne na yi abin da nake rubuto wannan wasiƙa dominsa. Ina da cikin fari a lokacin. Al'adarmu, mace takan koma gidan iyayenta ta haihu, uwarta ta yi mata wankan jego, in an yaye ɗan farin kuma a miƙa wa kaka ta riƙe. Inna ta daɗe tana shiri. Ta tara itacen wanka, ta sa an yaɓe ɗakina na da, ta tanadi kanwa da gero na kunu. Da watan haihuwa ya kama, na aika mata cewa dangin mijina sun hana ni zuwa. Ƙarya na yi. Mijina da bakinsa ya ce in tafi, uwarsa ma ta ce ba a raba ɗiya da uwa a irin wannan lokaci. Ni ce na ƙi. Tsoro nake ji wa abin da ke cikina, kuma in faɗi gaskiya, har da kunyar a gan ni a gidan da ake nunawa da baki.

Na haifi namiji. Ran suna Inna ta zo ta lulluɓe rabin fuska da gyale, ta zauna a gefe. Da ta miƙo hannu na ce yana barci, kada a tashe shi. Bayan kwana kaɗan ta sake zuwa da hura a ƙwarya, na ce yanzu aka yi masa wanka. Zuwanta na uku ana rana mai zafi, ta roƙi ruwa, na ba ta a moɗa. Da ta yi sallama na ɗauka ta fita, sai na ɗauki moɗar da bakin zane, na kai bayan ɗaki na shiga dirza ta da toka. Ina ɗaga kai na gan ta tsaye. Ashe ta manta faifanta ta dawo ɗauka. Ta dubi moɗar, ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce kawai Allah ya raya yaro, ita ta tafi, ba za ta ƙara ba ni wahalar wanke-wanke ba.

Wata goma ba ta taka gidana ba, ni ma ban je ba sai sau biyu, a tsaitsaye, ba tare da yaron ba. Ta kife tanda, ta shige ɗaki. Ƙannena suka ce ta rage magana, sai kaɗin auduga da jan carbi. Suka kuma ce fuskar ta ɗan lafa tun da ta bar bakin wuta, amma ban ba maganar muhimmanci ba. Na riga na yanke hukunci a zuciyata.

Ita da kanta ta kai kanta asibiti, babu wanda ya raka ta cikinmu. Daga baya ta gaya mini cewa ta gaji da zaman rashin sani. Ta ce in cutar ce, gara a faɗa mata ta karɓi magani, tunda ta ji an fara ba da ƙwayoyi kuma mutane na samun sauƙi. Malamin asibiti ya sa ta rufe ido, ya riƙa taɓa wurin da auduga da bakin allura yana tambaya ko tana ji. Ta ce ai ji ya yi mata yawa, shi ne ma damuwarta. Ya duba girarta da kunnuwanta da tafin hannu da ƙafa, sannan ya tura ta wurin likita. Likita ya ce babu kuturta a jikinta ko kaɗan. Ya ce wani ciwon fata ne da yakan kama mata in sun fara manyanta, ya fi fitowa fili ga farare, ba a ɗaukarsa daga wani, ba a kuma shafa wa wani. Zafin wuta da rana da yaji da sabulu mai ƙarfi su ke tayar da shi. Da ta faɗa masa batun soso da lemon tsami da kanwa, ya girgiza kai ya tambayi wanda ya ba ta wannan shawara. Inna ta ce masa ta manta.

Satin bikin 'yancin kai ne ta zo gidana. Gari ya cika da murna, 'yan makaranta na yawo da ƙananan tutoci masu kore da fari, ana ta kiɗa a ƙofar manya, kowa ya sha sabon ɗinki. Ina tsakar gida ina shanya aka ce Inna na zaure. Ta ƙi shigowa sai da na fita. Ta kwance bakin zanenta ta ciro takardar asibiti a ninke, ta ce tunda ni ce mai karatun boko, in karanta da kaina, don kada in ce ta ƙara ko ta rage. Turanci ne, ban iya ba, sai mijina ya kai wa wani maƙwabcinmu akawu ya fassara. Duk tsawon lokacin tana tsaye, ta ƙi zama a tabarmar da na shimfiɗa. Da aka dawo da bayani na durƙusa na kama ƙafafunta. Ta ce in tashi, ba wannan ya kawo ta ba, mijinta ta zo gani. Haka kakanni ke kiran jikokinsu maza da wasa.

Na ɗauko shi, ya kusa shekara, har ya fara tsayuwa. Ta miƙa hannu tana yi masa kirari, wai ga angon da ya ƙi zuwa zance. Yaron ya dube ta, ya ƙanƙame wuyana, ya tsala ihu. Na yi ta lallashi ina tura shi, yana ƙara maƙalewa. Inna ta sauke hannuwanta a hankali, ta ce in ƙyale shi, ba laifinsa ba ne, baƙuwa ya gani. Duk abin da ya faru a wannan shekara, babu wanda ya soke ni kamar wannan kalma.

Allah ya ba mu shekara goma sha biyu bayan haka, kuma ina gode masa da su. Da man da aka ba ta a asibiti mai warin farar wuta, da barin yaji da bakin murhu, da wanke fuska da ruwa mai sanyi kawai, ƙurajen suka kwanta, zafin ya ragu ƙwarai. Jan bai tafi duka ba, yakan taso in an yi rana mai tsanani ya koma. Ba ta sake tuya ba, ta koma sayar da daddawa da kuka daga cikin gida, mata suka dawo suna aiko da kwano kamar ba su ne suka gudu ba. Da na yaye yaron na kai mata, ya tashi a hannunta, har ya zamana ba ya cin abinci sai a kwanonta. Ta ce ta yafe mini duniya da lahira, kuma na yarda ta yafe. Sai dai har ta koma ga Allah, duk ran da za ta zo gidana da ɗan ƙoƙonta na shan ruwa take zuwa a cikin gyale. In na yi magana ta ce sabo ne kawai.

Na daɗe ina juya wannan al'amari. Kuskurena na farko shi ne na raina kukanta, na kira ciwo tsufa don kada ya dame ni. Na biyu, na yi mata magani da jahilci ina ganin wayewa ce. Na uku, wanda ya fi muni, na ɗauki raɗar mata na yanke wa uwata hukunci, alhali asibiti na nan tafiyar ƙafa. Kuma ko da kuturtar ce, ai tana da magani, kuma ba ta cire uwa daga zama uwa.

Don haka nake roƙon 'yan'uwana mata, da duk mai uwa ko yaya ko mata a gida. In mace ta ce fuskarta na mata zafi, in kun ga ja ko duhun da ya zauna ya ƙi tafiya, ko ƙuraje bayan an wuce shekarun ƙuraje, kada ku ce mata girma ne. Ga masu duhun fata ma jan ba ya fitowa sosai, zafin da kaikayin ne za su faɗa muku, sai ku yarda da su. Kada ku dirje, kada ku shafa haɗe-haɗen da aka ba ku a gidan biki. Ku kama hannunta ku kai ta wurin masu sani, ku zauna kusa da ita har a gama dubawa. Yau na wuce shekarun da Inna ta yi a duniya da nisa. Fuskata ta yamutse, ta bushe, ta saki, haƙora sun zube. Na ga tsufa iyakar gani, kuma ko yini ɗaya bai taɓa yi mini zafi a fuska ba. Gaskiya ta faɗa mini tun ranar farko. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.