Sunan da Ya Tafi da Muryar Waliyyu

Duk wanda ya taɓa sayen faifan fim ɗin Hausa a shekarun da faifai ke tashe ya san muryar Waliyyu Giwa Tazo, ko da bai san sunansa ba. Ita ce muryar nan mai kauri da ke tashi kafin a ga fuskar kowa, tana shelar finafinan da ke tafe: “Amana za ta karye! Gida zai rabu biyu! Kada ka bari a ba ka labari!” Mutanen Kano da Kaduna sun ɗauka wani ƙato ne mai faɗin ƙirji. Mu da muka zauna unguwa ɗaya da shi a Jega mun san siririn mutum ne mai yawan kunya, wanda idan ya gaishe ka sai ka matso kafin ka ji abin da ya ce.

A Giwa Tazo aka haife shi, cikin ƙasar Maiyama, a gidan manoma gero. Mahaifinsu ya rasu yana ƙarami, don haka yayansa Sanusi ne ya rene shi. Da ya tasa sai ya zo Jega yana share wani gidan kallo. Wata ranar kasuwa mai yi wa gidan shela ya kwanta rashin lafiya, aka miƙa wa Waliyyu lasifika don babu wani. Da ya buɗe baki, har masu awon hatsi suka dakata da kwano a hannu suna neman mai maganar. Wani dillalin finafinai da ke wurin ya ɗauki muryar a kaset ya kai Kano, daga nan aiki ya fara zuwa.

Bai taɓa yarda ya koma Kano ba. Ya gyara wani ɗan ɗaki a bayan shagonsa, ya jingina tsofaffin katifu a bango don su tare ƙarar babura. Kafin ya shiga yakan sha ruwan ɗumi da zuma da citta. A gaban na'ura harshensa na Kano ne tsaf; yana fitowa sai ya koma maganar gida. Da zamanin faifai ya wuce, ya ci gaba da tallan finafinan da ake kallo a waya, yana aikawa daga kwamfutarsa.

Alhaji Sanusi, wanda ya zama babban dillalin albasa a Aliero, bai taɓa son wannan sana'a ba. Na sha jin su a ƙofar shago.

“Allah ya ba ka murya irin ta ladan, ka kwashe ta ka kai ma 'yan rawa,” in ji Sanusi.

“Yaya, ni ban rawa, ban waƙa. Shela kawai nika yi.”

“Shelar mi? Ka taɓa jin an yi shelar albasa? Abin kirki shi ka kiran mutane da kainai.”

“Albasa ai warinta ka yi mata shela, Yaya.”

Sai Sanusi ya kau da kai don kada a ga dariyarsa, ya ajiye masa buhun da ya kawo, ya hau mota.

Waliyyu ya auri Zulai, 'yar Maiyama, suka yi shekaru masu yawa babu haihuwa. A shekarar da Allah ya ba ta ciki, a ita ce muryarsa ta fara dishewa. Mu 'yan majalisar ƙofar masallaci ba mu ɗauki abin da muhimmanci ba. Idan ya zo wucewa mukan tsayar da shi: “Waliyyu, yi muna ta fim!” Saboda kunya ba ya iya ƙi. Sai ya dafe wuya ya yi, tari ya sarƙe shi, mu kuwa muna dariya muna cewa ya ƙara.

Likitoci a Sakkwato suka ce ciwon daji ne a maƙogwaro, sai an yi aiki, kuma ko an yi nasara ba zai sake magana ba. Hoton asibiti ya riga ya nuna mace Zulai za ta haifa. Kafin ya tafi, ya shiga ɗakin katifun nan ya rufe ƙofa. Ya kunna na'ura ya ɗauki kiran sallar da uba ke yi wa jariri a kunne, a hankali, da ƙaramar muryarsa ta gida, sannan ya faɗi sunan da ya zaɓa wa yarinyar. Zulai kaɗai ya gaya wa ya bar wannan saƙo.

“Yana cikin kwamfuta. In kin sauka, ki sa James ya hiddo shi, a kanga mata a kunne.” James shi ne mai gyaran na'urori da ke maƙwabtaka da shagonsa.

“To, wane suna ne?”

“Kin taɓa jin an faɗi suna kafin ranarsa? Ki yi haƙuri, ku ji tare da ita.”

Bai dawo da ransa ba. An kawo gawarsa Jega, kuma ban taɓa ganin jana'izar talaka ta tara jama'a kamar tasa ba.

Bayan sadakar uku, Sanusi ya bi ta kasuwa, sai ya tarar da taro a rumfar masu tura finafinai a waya. Sun saki tsohon tallan Waliyyu a lasifika don juyayi, muryar tana tashi, kiɗa da waƙar mata suna biye da ita. Sanusi ya ja ya tsaya. Abin da ya zo masa shi ne ƙaninsa yana kwance a kabari, muryarsa kuwa tana nan tana kiran mutane zuwa ga abin da shi yake ganin zunubi ne. Daga nan ya wuce shagon, ya sa aka kira James. Mu dattawan unguwa muna zaune a wurin.

“Goge duk abin da ke cikin na'urar ga,” in ji shi.

“Alhaji, bari in buɗe su ɗaya bayan ɗaya, mu ji. Wataƙila akwai abin da iyali za su so.”

“Shekara nawa ina toshe kunnena, yau ɗin zan saurara? Goge.”

James ya yi abin da aka ce, amma ya faɗi gaskiya, cewa abin da aka goge akan iya dawo da shi. Jin haka Sanusi ya sa ya kwance ma'ajiyar kwamfutar, ya karɓa ya saka ta a aljihu, ya je ya jefa a gulbi. Muka ce Allah ya saka masa da alheri, ya yi wa ɗan'uwansa gata. Zulai tana cikin gida tana takaba, katanga ɗaya ce tsakaninmu da ita, kuma babu wanda ya ce a leƙa a tambaye ta.

Kaka ta yi, Zulai ta haifi 'ya mace. Aka aika Aliero, Sanusi ya zo da farin ciki da niyyar yi wa jaririya huɗuba. Gwaggon Zulai, Aliya, ta tare shi a zaure.

“Alhaji, dakata tukuna. Ubanta ya riga ka. Mai jego ta ce a kira James ya kawo saƙon da marigayi ya bari cikin na'ura.”

“Wane saƙo?”

Ta gaya masa. Sanusi ya nemi bango ya jingina, sannan ya sulale ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa.

Kwanakin da suka rage kafin suna bai huta ba. Ya koma wurin James, James ya girgiza kai. Ya bi rumfunan masu tura finafinai na Jega da Aliero da Maiyama, shi da bai taɓa taka irin wuraren nan ba, yana roƙon a kunna masa duk abin da ke da muryar Waliyyu. Ya zauna a benci cikin matasa ya saurari talla bayan talla, ko Allah zai sa wani ya kwafi saƙon bisa kuskure. Babu komai sai amanar da za ta karye da gidan da zai rabu biyu. Har bakin gulbi ya je ya yi magana da masunta, suka ce masa ruwan damina ya daɗe da wucewa da abin.

Ana gobe suna, da la'asar, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin Zulai, labule a tsakaninsu.

“Zulai, ni na jefar da shi. Da hannuna.”



“Yaya, kafin ka jefar, ka ji abin da ya ce?”

“Ban saurara ba.”

“Ko kaɗan?”

“An ce in saurara, na ƙi.”

Jaririyar ta motsa, aka ji Zulai tana jijjiga ta.

“Na san don shi ka yi,” in ji ta. “Ban riƙe ka ba.”

“To ki zaɓa mata suna, duk wanda kika so.”

“A'a. Ni an ce in jira in ji tare da ita, kuma na jira. Ba zan zaɓa ba. Wanda ya ɗauke sunan shi zai kawo wani.”

Ya roƙe ta ta tuna ko marigayi ya taɓa yabon wani suna, ko na mahaifiyarsu, ko na wata gwaggo. Ta ce ta kwana ta tashi tana wannan tunani tun ranar da ta haihu, ba ta samo komai ba.

Da safe muka taru a ƙofar gida, an raba goro da dabino, ragon yana ɗaure. Liman ya karkato da kunnensa wajen Sanusi don ya ji sunan. Sanusi ya ƙura wa ragon ido har mutane suka fara duban juna. Mu da muka sa masa albarka ranar da ya tafi gulbi, kowannenmu ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Can ya raɗa wa liman, liman ya ɗaga murya ya ce an samu Bushra, aka shafa fatiha.

Yanzu yarinyar tana gudu a tsakar gida, kuma kowa Bushra yake ce mata. Sanusi yakan zo daga Aliero duk ranar kasuwa, ya ɗauke ta ya zaunar a cinyarsa, ya daɗe yana dubanta. Shi ya raɗa sunan, amma har yau ban ji ya kira ta da shi ba. 'Yar Waliyyu yake cewa.