Ƙaya a Tayar da Ke Rataye

Kekena ɗaya ne amma ƙafafunsa huɗu. Biyu sirara na kwaltar Kazaure, waɗanda in na taka su ko ɗan acaɓa sai ya ba ni hanya. Biyu masu kauri na yashi, yayana ya bar min su da zai koma Kano. Duk ranar kasuwar Gwiwa nakan kifa keken a zaure, in ɗauko sifana, in kwance sirara in ɗaura masu kauri. In na dawo in wanke su kamar jarirai, in rataye a ƙusa. Ko ƙuda ban yarda ya sauka a kansu ba.

Wata rana na sauko da ta baya, sai ga ƙaya a jikinta. Na yi tsaye ina kallonta. A bango na bar ta, kuma bangonmu ba ya tsiro da ƙaya. Bayan kwana kaɗan sai ga busasshen taɓo, zanen tayar ma ya fara suɗewa. Wani na cinye min tayoyi ina makaranta.

Kowa a gidan ya zama abin zargi. Har ƙafar kakata na leƙa. Sai na shinshina sifanata, na ji ƙamshin turaren Baba. Na duba hannun rigarsa, ga baƙin mai. Tayoyin kekensa sun yi sumul kamar kan jariri, hanyar gonarsa ta wajen Roni kuwa yashi ne zalla. To amma a gidanmu ba a yi wa Baba tambaya, sai dai a jefa magana ta faɗi kusa da shi.

Na bari yana shan koko a tsakar gida, na tare ƙanwata.

"Ke! Wa ke hawa tayoyina?"

"Yaya, ni da ƙafata ba ta kai feda ba?"

"To aljani ne? Aljani mai zuwa gona?"

Baba ya ajiye ludayi a hankali. "Me ya faru ne, malam?"

Na durƙusa. "Baba, wani ne ke ɗaukar tayoyina."

"A cikin gidan nan? Subhanallahi." Ya girgiza kai, fuskar nan ko gezau. "Ai zaure ba wurin ajiya ba ne. Ɗauko su."

Na ɗauko, ina jiran a ba ni haƙuri. Ya karɓa ya shige ɗakinsa da su, ya danna kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu. Har da sifanar.

Ranar kasuwa na same shi a ƙofar gida yana gyara hula.

"Baba, yau ce Gwiwa. Sirara ba sa tafiya a yashi, tura keken zan yi."

"Ka yi haƙuri, malam," in ji shi. "Ai ba a kama ɓarawon ba tukuna."